Daga Katsina zuwa dajin W, inda na ga giwa da raƙumin dawa ido da ido

Shekaranjiya ina goge kayan da suka cika min tsohuwar waya sai na ci karo da hotunan wata tafiya da na yi a watan Fabrairun 2017, 'yata ƙarama ta leƙo ta kafaɗata ta ga giwa ta ce Baba wannan a talabijin ka ɗauko? Na ce mata a'a, da hannuna na ɗauka, tsakanina da ita bai fi daga nan zuwa bakin masallacin unguwa ba. Ba ta yarda ba sai da na nuna mata wanda nake ciki. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta labarin tun ban manta ba, musamman da yake hanyar da muka bi yanzu ba ta biyuwa.

Asalin tafiyar ziyara ce wajen kawuna a Maraɗi, ƙanin mahaifiyata. Ɗansa taubashina yana aiki a Yamai, shi ne ya daɗe yana min gori wai mu 'yan Najeriya sai cika baki da Yankari alhali ba mu taɓa ganin daji ba. Na ce to a zuba mu gani, ya kai ni dajin W, gandun namun dajinsu da ke kudu da Yamai. Daga Katsina zuwa Jibiya zuwa Ɗan Isa zuwa Maraɗi ba wani labari, hanya ce da muka saba, abin da kawai ya ƙona min rai shi ne canji, don lokacin naira ta faɗi warwas, na miƙa damin kuɗi aka miƙo min 'yan takardun sefa da ba su cika aljihun gaba ba. Ga wanda bai saba da lissafin can ba, sefa dubu ita ce jaka ɗaya, kuma da dala ake ƙirge, dala ɗaya sefa biyar, don haka in mai shayi ya ce maka ashirin to sefa ɗari yake nufi.

Kwana biyu na yi a gidan Kawu. Da na faɗa masa inda za mu ya yi shiru ya ce, "Ɗana, dajin da ke da zaki ba a shigarsa da gaugawa, abin da jagora ya ce ku yi shi za ku yi." Ya ƙara min jaka biyar na sha ruwa a hanya.

Tun kafin asuba bas ɗin Yamai ta tashi, ga sanyin hunturu mai shiga ƙashi, kuɗin mota jaka goma da 'yan kai. Tafiya ce ta fiye da kilomita 600, Gidan Rumji, Galmi inda buhunan albasa ke jibge a bakin titi har warinta na shigowa ta taga, Birnin Ƙonni, Dogon Dutse, Doso. Har Dogon Dutse Hausa kake ji ko'ina kamar kana gida, daga Doso ne Zabarmanci ya fara rinjaye, duk da haka ba inda na nemi ruwa ko abinci da Hausa aka kasa gane ni. Shingaye kuwa ba a magana, a sauko da kowa, a karɓi katin shaida, 'yan ƙasa su koma mota, mu baƙi a kira mu gefe ɗaya bayan ɗaya. Ina da fasfo ina da katin allurar shawara, komai cif, amma a wani shinge sai da aka karɓi jaka ɗaya a hannuna ba rasit ba bayani, na so in tsaya gardama wani dattijo ɗan kasuwa da muke kujera ɗaya ya dafa ni ya ce, "Malam, bari, mota ba za ta jira ka ba." Abin ya min ciwo wallahi, ba don yawan kuɗin ba.

Mun shiga Yamai bayan la'asar, taubashina ya tarbe ni a tasha, daren nan na ci dambun zogale da soyayyen kifin kogi na kwanta kamar an jefar da ni.

Washegari muka fara da raƙuman dawa, don su ba a cikin dajin W suke ba, suna wajen Kure ne, kamar kilomita 60 daga Yamai a kan hanyar Doso, wato jiya na wuce ta gabansu ina barci ban sani ba. A lokacin a bakin titi akwai 'yar rumfar masu jagora, ka biya kuɗin shiga da na mota da na jagora, ɗaya ya shigo motarku. Namu wani Bazabarme ne siriri mai jin Hausa sosai, ya hau saman mota ya riƙe doguwar sanda yana nuna wa direba hanya da ita ta gaban gilashi, in ya karkata ta dama a yi dama in ya buga rufi a tsaya. Ya ce da damina suna kan tudu kusa da titi, amma da rani sai sun gangara wajen Dallol Boso inda gawo ke da ganye, don haka muka yi ta kutsawa cikin yashi da gonakin gero da aka girbe kusan awa guda.

Sai kawai ya buga rufi.

Ni na ɗauka zan ga daji ne mai duhu, ashe gona ce irin tamu sak, ga kututturan kara ga rumbuna ga wata mata da jaki tana ɗauke da jarkokin ruwa, ga kuma raƙuman dawa bakwai tsaye a gindin gawo suna cin ganye hankalinsu kwance, matar ko kallonsu ba ta yi ba ta wuce abinta. Subhanallah. Na sauko daga mota ƙafata na rawa. Babban namijin ya haura mita biyar, in ya miƙa wuya sai ya kai inda mai sassabe ba ya kaiwa sai da tsani, harshensa dogo baƙi-baƙi yana naɗo ganye ta tsakanin ƙaya ba ta soke shi. Fatarsu ta fi ta waɗanda muke gani a talabijin haske, kamar an wanke zanen, ƙafafun kusan farare. In suna tafiya ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suke ɗagawa tare, daidai yadda raƙumi ke yi, a nan na gane wanda ya raɗa musu suna da Hausa ya kalle su da kyau kafin ya raɗa. Akwai ɗan ƙarami da ya tsaya yana kallonmu da manyan idanu da gashin ido zara-zara, har muka matsa kamar taku talatin bai gudu ba.

Jagoran ya ce irin wannan raƙumin dawa da can yana yawo tun daga Senigal har tafkin Chadi, har da arewacin Najeriya, amma farauta da fari da sare daji suka cinye su, a 1996 guda 49 kacal suka rage a duniya kuma duk a nan. Gwamnati ta hana taɓa su, ƙungiyoyi suka shigo suna taimaka wa ƙauyukan da rijiyoyi da ƙananan rance don su haƙura da su, yau sun haura 600. Na tambayi wani manomi da muka tarar yana gyaran danga ko suna masa ɓarna, ya yi dariya ya ce wake da mangwaro kam ba sa bari, harawar da ka ɗora a kan itace don awaki kar su kai, su daidai bakinsu ka ajiye musu. Na ce to me ya hana ku kore su? Ya ce, "Baƙo, sun riga mu zuwa nan, kuma saboda su ake zuwa garinmu." Na daɗe ina juya maganar nan, don na san a wajenmu da an wayi gari an ga irin wannan a bayan gari kafin azahar an raba nama.

Kwana ɗaya muka huta muka shirya wa babbar tafiyar. Nan ne kuɗi suka fita, don ƙaramar mota ba ta shiga W, sai mai ƙafa huɗu, mu huɗu muka haɗa muka ɗauki hayar wata tsohuwar Land Cruiser da direbanta na kwana uku, mai namu, abincin direba namu, kuɗin motar kaɗai ya fi duk sauran abin da na kashe tun daga Katsina. Muka sayi katan-katan na ruwa da burodin nan dogo na Faransawa da sardin da kilishi da garin rogo da suga da ganyen shayi.

Muka haye gadar Kennedy muka yi kudu. Zuwa Sayi kwalta ce, garin malamai ne tsoho a bakin kogi, a wajensa ne Jami'ar Musulunci take wadda 'yan Najeriya da yawa suka yi karatu a cikinta. Daga nan sai jar ƙasa mai gargada har haƙora na haɗuwa, kafin mu kai Tamu duk mun koma jajaye. Direba ya nuna mana wani yanki ya ce sunansa Ayinoma, da can cikin dajin da aka keɓe yake, bayan farin shekarun 1970 aka yanke shi aka ba mutane su noma, kuma da gani ka san an noma ɗin, don itatuwa sun yi ƙaranci sai sabara da geza. Taya ta fashe mana sau ɗaya. Kusan kilomita 150 ne daga Yamai zuwa Tapowa inda ƙofar dajin take amma sai da muka ci fiye da awa huɗu.

A ƙofa jami'an gandun daji suka rubuta sunayenmu, aka biya na kowane kai da na mota, aka haɗa mu da jagora don ba a shiga ba shi. Dattijo ne Bagurme, wato ɗan ƙabilar Gurma, ya ce tun yana saurayi yake cikin dajin nan. Kafin mu motsa ya kafa mana doka, ba sauka daga mota sai ya ce, ba ihu, ba jefa wa dabba abinci, ba tsinkar ko ganye, ba barin leda, kuma kafin duhu dole mu kasance a masauki. Shi ya bayyana min sunan wurin, kogin Kwara ne ya yi lanƙwasa a nan sau da yawa har in ka duba taswira sai ka ga harafin W, mutanen can da lafazin Faransanci suke faɗa, Dubulbe. Tun 1954 zamanin Faransawa aka mai da shi gandun ƙasa, ya ratsa ƙasa uku, Nijar da Benin da Burkina Faso, ɓangaren Nijar kaɗai hekta 220,000 ne. A 1996 hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya, wato wuraren da aka yarda asararsu ba ta ƙasa ɗaya ba ce, kuma 'yan watanni bayan dawowata a 2017 ɗin aka faɗaɗa aka haɗa da Arli na Burkina da Panjari na Benin.

Abin da ya fara kama ni ba dabba ba ce, itatuwa ne. Kukoki manya-manya waɗanda mutum goma ba za su zagaye ɗaya da hannu ba, tsamiya, kanya, marke, taura, kaɗanya, duk itatuwan da na sani ne tun ina yaro amma ban taɓa ganinsu da cikakkun rassa ba, a wajenmu kowace kuka an aske ta don miya kowane marke an sare shi don gawayi. Ashe haka ƙasarmu take in an ƙyale ta. Wani wajen ciyawa ta fi mota tsawo wani wajen an ƙone ta baƙi ƙirin, jagoran ya ce su suke sa wutar da gangan da farkon rani tun ciyawa na da ɗanye, don kar gobarar bazara ta zo ta cinye komai, kuma sabon tsiro ya fito wa dabbobi.

Daga nan aka fara. Zabin daji garke-garke suna tsere a gaban mota. Mugun dawa da 'ya'yansa sun ɗaga wutsiya sama tsaye suna gudu. Bika sun fi hamsin zaune a kan hanya, babban ya ƙi tashi sai da ya ga dama. Mariya, mazo, gada, sai gwanki, wanda ni a karin magana kawai na san shi, ashe dabba ce mai girman doki da ƙaho lanƙwasasshe zuwa baya da fuska kamar an shafa mata baƙi da fari. Na ga burtu guda uku suna takawa a ƙasa da jan maƙogwaro, na tuna maharban garinmu da ke ɗaura kan burtu a goshi suna rarrafe, sai ranar na ga abin da suke kwaikwayo. Tsuntsaye kam an ce sun haura iri 350 a dajin. Wahalar da ba wanda ya gaya min ita ce ƙudan tsando, cizonsa kamar an soka maka allura mai zafi kuma ta cikin riga yake cizo, na sa shuɗiyar shadda ashe launin da ya fi so ke nan, wuyana da bayana duk suka kumbura, ga zafi in an rufe gilashi ga cizo in an buɗe.

Wajen ƙarfe biyar jagoran ya kai mu wani dandamali da aka gina a saman kogin Tapowa inda ruwa ke saura da rani, ya ce mu zauna mu yi shiru. Mun fi minti arba'in ba komai sai kada biyu a bakin ruwa kamar gumagumai. Taubashina har ya fara cewa mu tafi. Sai muka ji ƙarar karyewar itace daga hayi, ƙas, ƙas, jagoran ya ɗaga yatsa. Wallahi ban ga fitowarsu ba, kawai gani na yi abin da na ɗauka inuwar itatuwa ce yana motsi, giwaye goma sha ɗaya, babbar uwa a gaba ta tsaya ta ɗaga hanci sama tana shinshina iska, sai da ta gamsu sannan sauran suka gangaro, 'yan ƙanana biyu a tsakiya ana kare su ta ko'ina. Abin mamaki duk girman nan ba ka jin takunsu. Suka sha, suka watsa wa jikinsu ruwa da taɓo, ƙaramin bai iya sha da hanci ba tukuna sai ya durƙusa ya kafa baki. Akwai wani ƙugi da suke yi can ƙasa-ƙasa wanda a ƙirji kake jinsa kafin kunne. Ni dai tasbihi kawai nake, hawaye ya zubo min ban san lokacin ba. Duk rayuwata ina jin giwa a tatsuniya da kirarin sarakuna, toron giwa, giwa mai karya itace, muna da garuruwa da mutane masu sunanta, amma a zuriyarmu kaf ban san wanda ya taɓa ganinta a daji ba sai ni ranar nan.

Mun kwana a wani sansani a bakin kogi, tanti ne da katifa da gidan sauro, ba lantarki ba sabis na waya, aka dafa mana shinkafa da miyar kifi. Da za mu yi sallar isha'i jagoran ya haska wurin da tocila tukuna saboda maciji da kunama. Can tsakar dare sanyi ya tashe ni sai na ji wani gurnani daga nesa, yana farawa da ƙarfi ya riƙa sauka kamar mai nishi, dorinar da ke ta hayaniya a ruwa ma ta yi tsit. Ba wanda ya gaya min amma na san ko waye. Da safe kamar kilomita biyu daga sansanin jagoran ya tsai da mota ya nuna mana sawu a kan yashi, na ajiye hannuna kusa da shi na ɗauki hoto, ya kusa cika tafin hannuna da yatsu. Zakin kansa ba mu gan shi ba har muka fito, jagoran ya ce shi ma sai ya yi wata bai gani ba. Wani bincike da aka fitar a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma gaba ɗaya kusan 400 suka rage, mafi yawansu a wannan daji da maƙwabtansa biyu, a Najeriya sai 'yan tsiraru a Yankari da Kainji.

Rana ta biyu muka shiga kwalekwale, masunci Bazabarme na tuƙi yana bin gefe-gefe saboda dorina, muka ga kawunansu bakwai a tsakiyar ruwa kunnuwa na kaɗawa, ya ce dorina mai ɗa ta fi kada haɗari nesa ba kusa ba. Duwatsu a gefen kogin, giginya, gauraka biyu a kan tsibiri. Ya ce akwai ayu a ruwan amma ganinsa sai mai rabo. Da yamma muka ci karo da garken ɓauna sun fi ɗari, suka tsaya cak suna kallonmu ƙura na tashi a kansu, nan ne kawai na ga jagoran ya ce wa direba kar ya kashe mota.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. A hanyar fita kusa da iyakar dajin mun tsaya wajen wasu Fulani muka sayi nono, wani dattijo cikinsu ya ce min da rani ciyawa da ruwa duk suna ciki, shanunsu na waje suna ramewa suna kallo, in sun shiga a kama su a ci su tara mai nauyi, hanyar da kakanninsu ke bi zuwa kudu ma ta ciki ta ratsa. Ya ce, "Alhaji, giwa tana da gwamnati, saniya ba ta da kowa." Ban iya ba shi amsa ba, don na ga haƙarƙarin shanun da idona. Amma kuma na ga Ayinoma, na kuma san yadda dajin Rugu da ke kusa da mu ya koma. A ganina dole a tsare dajin, sai dai in mutanen da ke bakinsa ba su ga amfaninsa a tukunyarsu ba kamar yadda na ga an gwada a Kure, to tsaron ba zai yi ƙarko ba.

Na taɓa zuwa Yankari, kuma ruwan Wikki babu irinsa a W, masauki ma namu ya fi, amma ta fannin faɗin daji da jin cewa kai ne baƙo dabba ce mai gida, gaskiya taubashina ya ci gorinsa, na faɗa masa haka a gaban Kawu da muka koma Maraɗi.

Dawowa ba wani abu, hanyar da na bi ita na sake bi, kumburin cizon tsando ya yi mako kafin ya sace.

Bayan shekara uku, a watan Agustan 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ɗaya direba ɗaya jagora, a daidai wuraren da muka yi yawo. Da na ji na kira taubashina ina tambaya ko namu jagoran ne mai sanda, ya bincika ya ce ba shi ba ne, amma abokin aikinsa ne. Dajin W kuwa masu ɗauke da makamai sun shige shi ta ɓangarorin ƙasashen uku, baƙi sun daina zuwa, ban san halin da dattijon nan Bagurme yake ciki ba, lambar da ya ba ni ta daɗe ba ta shiga. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kawo mana zaman lafiya.

Kawu ne ya gaya min a 2018 an ɗebi raƙuman dawa takwas daga Kure an kai su dajin Gadabeji a arewacin jihar Maraɗi, wajen Dakwaro, inda da can akwai su suka ƙare. Daga gidansa ba nisa sosai. 'Yata ta sa ni na yi mata alkawari in hanya ta yi kyau zan kai ta can ta gani, ta kuma ce in wanke mata hoton sawun zakin ta kai makaranta ranar Litinin.